Babba Mai Ramin Zuciya: Wace Magana Ce Gaskiya?

A unguwanni da yawa, da zarar an ce an haifi yaro da rami a zuciya, sai a fara yi wa iyayensa jaje tun yana raye. Wai ba zai yi tsawon rai ba. Wannan tsohon zance ne. Kusan jariri 1 cikin 100 ake haifa da wata tawaya a zuciya, kuma a ƙasashen da ake yin aikin da wuri, fiye da kashi 90 cikin 100 suna kai girma. Tun 1944, da likitocin asibitin Johns Hopkins a Amurka suka yi wa wata jaririya aikin da ya ƙara mata jini zuwa huhu, lissafin ya canza. Akwai ma wanda sai ya haura shekara 40, numfashi ya fara yi masa wuya, hoton zuciya ya nuna ramin da aka haife shi da shi.

Maganar da ta fi cutarwa kuwa ita ce mai daɗin ji: "An yi masa aiki yana ƙarami, ya warke." Gyara aka yi. Tabon aikin na iya rikita bugun zuciya bayan shekara 20, bawul ɗin da aka saka na iya gajiya, ƙwayoyin cuta daga ruɓaɓɓen haƙori na iya bin jini su zauna a zuciyar. Nan dangi ke da aiki: ajiye takardun tiyata, tuna ranar ganin likita, raka mai lalurar asibiti ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau. Sau da yawa, da yaro ya bar sashen yara, sai bibiyar ta tsaya cak.

Ana kuma cewa mace mai wannan lalura ba ta haihuwa. Yawancinsu suna haihuwa lafiya. Sai dai akwai gaskiya a ciki: wadda hawan jini ya kama jijiyoyin huhunta, ciki na iya kashe ta, maganin sirkar jini irin warfarin kuma na iya yi wa ɗan tayi illa. Shawarar likita kafin ɗaukar ciki take, ba bayansa ba, kuma mijin ya zauna a ji da shi.

Batun cewa maita ko laifin uwa ke jawo lalurar ba shi da tushe. Ciwon sukari ko baƙon dauro na rubela lokacin goyon ciki suna ƙara haɗarin, gado ma yana da ɗan hannu, amma galibi ba a gano dalili. Kar kuma a haɗa ramin zuciya da ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba. Wannan daga baya ake kamuwa da shi.