Sabis a Ƙasar Bakura: Sauri Ake Nema ko Ɗorewa?

Wanda ya taso daga Sakkwato ya nufi Gusau, da ya wuce Tureta zai iske Lambar Bakura, inda hanya ke ratsewa zuwa Bakura, garin su Ahmad Sani Yarima, gwamnan farar hula na farko a Zamfara. Kafin ya kai Talata Mafara idonsa zai ƙoshi da kore: shinkafa, masara, dankali, tumatir da albasa, rani da damina, albarkacin ruwan dam ɗin Bakolori. Sai dai cinikin wannan amfani yanzu ya koma cikin waya. Ɗan kasuwa a Kano ko Legas ya kira ya ji farashin buhu, a ɗauki hoton kaya a tura masa ta WhatsApp, a daidaita, ya turo kuɗi, direba ya yi lodi. Sau da yawa ba a taɓa takardar naira sai an zo sallamar 'yan dako. Ran da sabis ya yi nauyi kuwa, mota na tsaye, tumatir na laushi cikin kwando, mai kaya ya ƙura wa waya ido yana jiran alat.

Ka zauna rabin sa'a a rumfar mai POS ranar Talata a kasuwar Mafara, ka sha kallo. Tebur ne ƙarami da laima, da na'ura biyu ko uku, kowace da layin kamfani daban, domin in wannan ya ƙi wancan ya ɗauka. Dattijo ya miƙa kati, yaro ya danna, na'ura ta yi ta juyi. Yaro ya ɗaga ta sama, ya matsa gefen titi, ya dawo. Can sai takarda ta fito da cewa ciniki bai yiwu ba, a daidai lokacin da saƙo ya shigo wayar dattijon cewa an cire masa kuɗi. "Baba, ku yi haƙuri, netwok ne, za su maido." Dattijo kuma bai san wani netwok ba. Kuɗin taki ne ya zo cira, kuma mai taki ba zai jira kwana uku ba. A irin wannan wuri ne ake gane cewa maganar intanet mai sauri ta wuce kallon bidiyo da raha a TikTok. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin fasalin naira, har mai ƙosai ta koyi cewa "a turo," kuma ba a koma baya ba.

Samari sun iya karatun saman waya fiye da yadda ake zato. In ta nuna E, to a haƙura da hoto, rubutu ma da ƙyar. In ta nuna H, ana lallaɓawa. In 4G ta bayyana, sai ka ga an gyara zama. Kowane ƙauye na da wurin da aka sani da kama sabis, ko tudu, ko gindin wata bishiya, ko kan katangar makaranta, kuma baƙo na tambaya za a nuna masa. Tsakanin cikin garin Bakura da ƙauyukan da ke ƙarƙashin mazaɓu irin su Rini, Dakko, Damri, Yargeda da Ɗankadu, tazarar ba ta kilomita kaɗai ba ce. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum kusan 187,000, kuma mafi yawansu ba a hedikwata suke ba.

Mutanen nan sun san darajar sabis ta hanyar da ba a yi wa kowa fata. A daren 15 ga Agusta 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Aikin Gona da Kimiyyar Dabbobi ta Bakura, suka kashe mutane, suka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka kwashe ɗalibai fiye da 70 a makarantar sakandare ta Kaya, a Maradun. Kwana biyu bayan haka, ranar 3 ga Satumba, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su kashe sabis a faɗin Zamfara bisa roƙon Gwamna Bello Matawalle. An ce mako biyu ne. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin maido musu. Ga kasuwannin mako a rufe, ga hanin sayar da mai a jarka. Da Sakkwato ta bi sahu ta kashe nata a ƙananan hukumomi 14, maƙwabta ma suka daina amfani, ya zama mai son jin muryar ɗansa da ke ci-rani a kudu sai ya biya kuɗin mota, tafiyar kusan kilomita 100 zuwa birnin Shehu, a kan hanyar da ita kanta ba ta da tabbas. Wasiƙa ta dawo, direbobin tasha suka zama gidan waya. Ana iya gardama a kan ko matakin ya raunana 'yan bindiga. Abin da ba a gardama a kai shi ne ya raunana mai POS, da mai sayar da kati, da ɗalibi, da majinyacin da ke jiran a turo masa kuɗin magani.

Shi ya sa in ka tada zancen ƙarin sauri a zauren dattawan gari, amsar farko takan zama: "Mu dai ya tsaya." Suna da gaskiya, kuma gaskiyarsu na da tushe a yadda abin ke aiki.

Manomin Bakolori zai fi kowa saurin fahimta. Dam cike yake da ruwa, amma gona ba ta sha sai babban kanal ya ɗauko, ƙananan hanyoyi sun rarraba, an kuma yashe su. Intanet ɗin Najeriya ma madatsarsa na bakin teku: manyan wayoyin ƙarƙashin ruwa irin su MainOne da Glo-1 na 2010, da WACS ta 2012, da Equiano ta Google da ta iso a 2022, duk a Legas suka sauka. Daga can sai an binne wayar gilashi, wadda ake kira fayiba, ta ratso ƙasa har Arewa. Ƙarfen sabis ɗin da ke tsaye a bayan gari shi ne ƙarshen hanya. Idan fayiba ta kai gindinsa, zai iya ɗaukar jama'a da yawa a lokaci guda. Idan kuwa da faifan nan mai kama da ganga yake karɓa daga wani ƙarfen, shi ma daga wani, to abin da ke isowa ƙayyadadde ne, kuma ƙarfe ɗaya ya mutu a tsakiya duk na bayansa sun yi shiru. Wannan ne dalilin da waya za ta nuna 4G cike da sanduna amma hoto ya ƙi buɗewa ranar kasuwa, tsakar dare kuma ya buɗe nan take. Samari ba don son hira kawai suke kwana ido biyu ba, datar dare ta fi araha kuma hanya ta fi sarari.

Sai maganar wuta. Ƙarfen sabis ba ya barci, kuma a karkara kusan dukkansu da janareto da batir suke rayuwa. Dole mota ta kawo man gas, dole injiniya ya zo duba inji. A inda hanya ke da haɗari, mai ya ƙare ba a kawo wani ba, ko a sace batir, ko injiniya ya ce ba zai shiga ba, kuma babu mai ganin laifinsa. Ƙauyen da ya fi buƙatar ya buga waya ya ce "ga su nan tafe" shi ne ƙauyen da ƙarfensa ya fi saurin mutuwa. A ganina, sanya wa waɗannan ƙarafa sola mai ƙarfi ya fi duk wani sabon suna da za a liƙa wa sabis ɗin amfani.

A takarda dai an yi alkawari. Shirin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar zamanin Minista Isa Ali Pantami, ya ce mutumin birni zai samu aƙalla megabit 25 a daƙiƙa, na karkara megabit 10, kuma gigabait ɗaya ba zai wuce naira 390 ba. Megabit 10 ba abin rainawa ba ne: ya ishi malamin asibiti ya yi magana da likita ta bidiyo, ya ishi ɗalibi ya bi darasi. An kuma daidaita da gwamnoni a kan naira 145 a kowace mita a matsayin kuɗin izinin haƙa ramin fayiba, domin tsadar wannan izini na cikin abin da ke hana kamfanoni shiga lunguna. Wa'adin ya cika ba a kai burin da aka yi na yaɗuwar intanet mai sauri zuwa kashi 70 cikin ɗari ba. Farashi kuwa sama ya yi: a Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Yanzu Minista Bosun Tijani na maganar shimfiɗa ƙarin fayiba mai tsawon kilomita 90,000. Allah Ya sa a ga ramin a hanyar Bakura.

Ana yawan tambaya a kan 5G. An yi gwanjon lasisinta a Disambar 2021, MTN da Mafab suka saya, MTN kuma ta fara a 2022 a manyan birane irin su Legas, Abuja, Kano da Maiduguri. Zangon da take tafiya a kai ba ya cin nisa, saboda haka sai an dasa ƙarafa kusa da kusa, ga wayoyinta da tsada. Ba ita ce damuwar Bakura a yau ba. Abin da ke ratsa fili ya shiga ɗakin ƙasa shi ne 4G a kan ƙananan zanguna, irin na MHz 700 da 800, kuma shi ya kamata a nace a kai.

Wanda ba zai iya jira ba yana da dabaru biyu. Ta farko, ƙaramar na'urar rarraba intanet mai cin layi, a haɗa ta da eriya a ɗaure a kan dogon ƙarfe ko gora, a juya fuskarta wajen ƙarfen sabis mafi kusa. Sau da yawa wannan kaɗai kan fitar da shago daga E zuwa 4G. Ta biyu ita ce Starlink ta Elon Musk, da ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Faifai ne da ake ɗorawa a rufi ya kalli sama, yana karɓa kai tsaye daga tauraron ɗan'adam, babu ruwansa da ƙarfen kowa. Sauri kam akwai, sai in hadari ya haɗu sosai. Amma kayan na cin ɗaruruwan dubban naira, ga kuɗin wata, ga sola da batir da za su riƙe shi. Manomi ɗaya ba zai ɗauka ba. Makaranta, ko asibiti, ko ƙungiyar masu ban ruwa, ko matasa biyar da suka haɗa jari suna sayar da awa ga unguwa, su za su iya. A yankin da ake fama da 'yan bindiga kuma, dole a san wa ya saya da inda ya kafa.

Ko an kawo saurin, akwai wayar da ke hannu. Manoma da yawa, da mata a cikin gida, ƙaramar waya mai madannai suke riƙewa, don batirinta na kwana uku kuma tana da tocila da rediyo. Babbar waya kuɗinta na iya kai buhun shinkafa ko fiye, ga kuɗin caji kullum a shagon mai janareto, inda za ka ga wayoyi hamsin jere a kan katako, kowace da lamba. Kusa da shi akwai mai turi, wanda ke sauke fina-finan Kannywood da fassarar Indiya da karatun malamai cikin dare, da safe ya zuba wa mutane a memori. Shi ne intanet ɗin wanda ba shi da data, kuma sana'arsa ba za ta mutu da wuri ba.

Ɗalibai ne suka fi ba ni tausayi. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta baki ɗaya. Yaron Birnin Tudu ko Yarkofoji na zama ɗaki ɗaya da yaron da ya tashi da kwamfuta a gidansu, a ba su lokaci ɗaya. Rajista, duba sakamako, neman gurbi, biyan kuɗin makaranta, duk ta intanet. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara a Talata Mafara, ga kwalejin gona a Bakura. Manyan makarantu uku a kusa da juna hujja ce babba ta a ja fayiba zuwa yankin, daga nan a rarraba wa asibitoci da sakandare da kasuwa.

Yankin nan ya taɓa ganin babban aiki ya sauko daga sama. An kammala dam ɗin Bakolori a 1978, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin, aka karɓe gonaki ana gyara su ba tare da an saurari masu su yadda ya kamata ba. Rikicin diyya ya kai ga zubar da jini a Afrilun 1980, lokacin da 'yan sanda suka far wa manoma a Birnin Tudu da kewaye. Daga baya kayan ban ruwa na feshi suka lalace don rashin wuta da gyara, sai da shirin TRIMING na Bankin Duniya ya zo farfaɗo da aikin bayan shekaru masu yawa. Kafa abu bai taɓa zama matsalarmu ba kamar riƙe shi. Ƙarfen da aka dasa ba tare da hakimi da mai unguwa da matasan gari sun san nasu ne ba, babu mai tsaron batirinsa.

Saboda haka kira ga gwamnatin Zamfara ta Dauda Lawal, da NCC, da asusun USPF da aka kafa musamman don kai sadarwa inda kamfanoni ba sa ganin riba: a auna sabis ƙauye ƙauye a Bakura da Maradun da Talata Mafara, ranar kasuwa da tsakar rana, ba a ofis a Gusau ba, a kuma bayyana sakamakon kowa ya gani. A fara da sola a ƙarafan da ake da su, a kai fayiba makarantun nan uku, sannan a zauna da jama'ar gari kafin a dasa sabo. Wakilan yankin a majalisar jiha da ta tarayya kuma, mai karatu, in sun zo neman ƙuri'a, a tambaye su ƙarfe nawa aka gyara a mazaɓarsu.