Tambayoyi Ashirin Masu Buɗe Bakin Majiyyaci

A ce wata mata ce daga ƙauyukan Bodinga. Ta je ɗakin shan magani sau huɗu cikin wata biyu. Kullum kukanta ɗaya ne: ciwon kai, kasala, ciki yana murɗa mata, barci ya ƙi zuwa. An ba ta maganin zazzaɓi, an ba ta na ƙarin jini. Maigidanta ya sayar da akuya, amma ciwo yana nan. Ba wanda ya tambaye ta abin da ke cin ranta tun da ɗanta ya rasu da damina.

Dukanmu mun san irin wannan mata. Wataƙila tana gidanmu. An koya mana tun muna yara cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Haƙuri abu ne mai kyau, amma baƙin cikin da aka haɗiye yakan nemi hanyar fita ta jiki.

Yadda aka shirya takardar

A shekarar 1975 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara wani bincike a ƙasashe masu tasowa, cikinsu har da Sudan da Sanagal da Indiya da Kolombiya. A lokacin, mataimakin babban daraktan hukumar ɗan Nijeriya ne, Farfesa Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa wanda ya yi suna a asibitin Aro na Abeokuta. Damuwarsu ita ce likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne, marasa lafiya kuwa suna karkara. Sai masu binciken suka tsamo tambayoyi daga takardun gwaji da ake da su, suka haɗa guda 20 masu sauƙi. Ana kiran takardar SRQ. Amsarta i ko a'a ce kawai, a kan abin da mutum ya ji cikin kwana 30 da suka wuce. Wanda bai iya karatu ba, sai malamin asibiti ya karanta masa.

Wasu tambayoyin na jiki ne: ciwon kai, rashin sha'awar abinci, rashin barci, rawar hannu, gajiya. Wasu na zuci ne: yawan kuka, firgita, kasa yanke shawara, ganin ba ka da amfani, har da tunanin kashe kai. Da tambayar ciwon kai aka fara.

A 1980 aka buga sakamakon gwaji a kan mutane 1,624 da suka zo ƙananan asibitoci a ƙasashe huɗu. Kusan 14 cikin ɗari suna da ciwon damuwa ko makamancinsa. Yawancinsu ciwon jiki suka kawo kuka a kai, ma'aikatan lafiya kuwa kashi ɗaya cikin uku kaɗai suka gane.

Fassara ba wasa ba ce

Nan ne aikin yake da wuya. Da aka gwada takardar a Adis Ababa ta Habasha a shekarun 1980, an tarar mutane da yawa sun ce i don ba su fahimci tambayar yadda aka nufa ba, wasu kuma don suna son a ɗauke su marasa lafiya. Mu ma haka zai iya faruwa da mu. In ka tambayi dattijuwa a Shagari ko tana da ciwon zuciya, za ta ɗauka bugun ƙirji kake nufi. In ka ce, “Iya, tunani yana hana ki barci?” sai ta gane. In ka tambayi amarya a gaban uwar mijinta ko tana yawan kuka, amsar ita ce a'a, ko da idonta ya kumbura. Saboda haka masu wannan aiki sukan juya tambayoyin zuwa harshen mutane, wani dabam ya sake mayar da su Turanci a ga ko ma'ana ta kauce, sa'an nan a gwada su a kan mutanen gari, a kwatanta amsoshin da abin da likita ya gano da kansa. Ta haka ake sanin yawan i ɗin da zai sa a ƙara bincike. A wurare da yawa takwas ne, amma ba ko'ina ba.

Bayan an cika takarda

Takardar ba ta yanke hukunci, ba ta kuma ce wa kowa mahaukaci. Nuni kawai take yi cewa wannan mutum yana bukatar a zauna da shi. Akwai jiyya ta tattaunawa ta ɗan gajeren lokaci, wadda likitoci kamar David Malan a Landan da Habib Davanloo a Kanada suka inganta a shekarun 1960 da 1970. Majiyyaci yakan zo sau ɗaya a mako na 'yan watanni, a taimake shi ya fuskanci fushi ko baƙin cikin da ya binne. Mai irin wannan jiyya yakan ba da takardar tambayoyi a farko, ya sāke bayarwa a tsakiya da ƙarshe. In i goma sha biyu ta koma huɗu, majiyyaci ya ga sauƙinsa da idonsa. In ba ta ragu ba, sai a sāke shawara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mutumin Shagari da ke neman likitan ƙwaƙwalwa sai ya bi ta Bodinga, ya ratsa birnin Sakkwato, kafin ya kai asibitin tarayya na Kware. Tafiyar tana cin kuɗi da yini guda. Tun 1991 manufar gwamnatin Nijeriya ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin aikin ƙananan asibitoci, kuma tambayoyin nan ba su cin fiye da 'yan mintoci.

Abin da ya rage namu

Ya ku iyaye, in an karanta muku irin waɗannan tambayoyi a asibiti, ku amsa da gaskiya, kada ku rage, kada ku ƙara. Maigida, in ka kai matarka, ka ba ta wuri ta yi magana ita kaɗai. Wanda kuma ya ce yana tunanin kashe kansa, ko da sauran amsoshinsa duka a'a ne, kada a bar shi shi kaɗai. A kai shi wurin likita ran nan. A gida ma, in ciwon kan ɗan'uwanmu ya ƙi jin magani, bari mu zauna kusa da shi mu tambaye shi yadda yake barci.