Motar Da Ke Kakkarwa Da Asuba: A Kama Ciwon Tun Injin Bai Yi Zafi Ba

Jama'a, duk wanda ya taɓa fitowa daga masallaci bayan sallar Asuba a Nima ko Maamobi ya san wannan ƙara. Direba ya tayar da mota, injin yana tari yana kakkarwa kamar mai zazzaɓi, ga mata 'yan kasuwa sun tsaya da kayansu suna son isa Makola tun hanya ba ta cushe ba. In motar ta mutu sau biyu, sai su hau ta baya. Lodin farko ya tafi ke nan, alhali mai mota yana jiran kuɗinsa da yamma.

Abin da ke rikita mutane shi ne bayan 'yan mintoci sai motar ta daidaita. Da rana in an kai ta wurin fita, ba zai ga komai ba, sai a shiga canke. Yau a sayo fulogi a Abossey Okai, gobe famfon mai, sidi na ta zurarewa, ciwo na nan. To, gaskiyar magana ita ce ciwon safe da safe ake kama shi. A bar motar ta kwana a gareji, fita ya tayar da ita da hannunsa.

Wani zai ce ina sanyi a Ankara? Ai ko da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ba kasafai awon zafi ke sauka ƙasa da digiri 20 ba. Amma injin yana son kimanin digiri 90 ne kafin ya ji daɗin aiki. Kafin ya kai nan fetur ba ya ƙonewa sosai, don haka yana bukatar ƙarin mai. Tsofaffin motoci masu kafireta da cok suke wannan aiki, na yanzu kuwa ƙwaƙwalwar mota ce ke yi, bisa labarin da wata 'yar na'ura mai auna zafin ruwa ke ba ta. In na'urar ta yi ƙarya, sai man ya yi yawa ko ya gaza. Kuma sulo ya hau zuwa wajen 1,200 sa'an nan ya sauko 700 ko 800, wannan lafiya ce, ba ciwo ba.

A fara da abin da ba ya cin kuɗi. A buɗe matatar iska, don ƙurar hunturu na toshe ta, a wanke bakin totur. Sa'an nan a kasa kunne: in an ji tsaki kamar na maciji, wani tiyo ya tsage yana shan iska. Roba da gasket suna takurewa da sanyi, in sun ji zafi su toshe kafar da kansu, shi ya sa ciwon ke ɓuya da rana. Bayan haka a kwance fulogi. Baƙi mai toka, mai ya yi yawa. Jiƙaƙƙe da fetur, ko wuta ba ta zuwa daga kwayil ko nozul na ɗiga cikin dare.

Motocin fetur da aka sayar a Amurka tun 1996, da na Turai tun 2001, suna da kafar da ake jona na'urar bincike. Lamba P0300 na nufin silinda na tsallake wuta, P0171 kuma iska ta rinjayi mai. Sai dai na'ura hanya take nunawa, ba ita ce fita ba.

Wata al'ada da ba na goyon baya ita ce cire tamostat da zarar mota ta iso, wai an yi shi ne don ƙasar Turawa. Injin da ba shi da shi yakan daɗe bai yi zafi ba, ya sha mai, fulogi su yi baƙi.

Masu trotro mai shan dizal, irin su Sprinter, su duba hita da kuma iskar da ke shiga layin mai. Amma alamar da ba a wasa da ita ita ce farin hayaƙi mai kauri daga salansa, ga ruwan lagireto na raguwa ba tare da yoyo a ƙasa ba. Mai yiwuwa gasket ɗin kan injin ne ya fara ƙonewa, ruwa na tsiyaya cikin silinda da dare. Wannan motar kada a yi mata lodin Makola, gareji ta nufa.