Tiyatar da ke maido da ji bayan ciwon kunne

Kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya yakan bar ɓarna. Dodon kunne ya huje, ƙananan ƙasusuwa uku da ke bayansa, masu isar da sauti ciki, su zaizaye, ji ya ragu.

Wannan ɓarna tana gyaruwa, abin da iyaye da yawa ba su sani ba. Likita yakan yanko siririn tantanin tsokar saman kunne, ko ɗan guringuntsi, ya toshe hujin. Ƙashin da ya lalace kuwa a maye gurbinsa da na titaniyam. Likitocin Jamus, Wullstein da Zöllner, suka share wannan hanya a shekarun 1950.

Ana fara gwajin ji tukuna, domin in jijiyar cikin kunne ce ta lalace, tiyatar ba za ta maido da ji ba.