Ada Foah: Hutu a Inda Kogin Volta Ya Shiga Teku

Bahaushe matafiyi ne tun asali, amma ba ya tafiya babu dalili. Ko fatauci, ko neman ilimi, ko zumunci, ko jinya, ko aikin Hajji. Idan mutum ya ce zai ɗauki kuɗinsa ya je wani gari don kawai ya zauna ya huta, 'yan'uwa sai su fara tambayar ko lafiya. Ga shi kuwa yawancinmu da ke zaune a birane mun san gajiyar da barcin dare ɗaya ba ya kawar da ita: ƙarar janareta, cunkoson hanya, wayar da ba ta daina kuka, da baƙin da ba sa yanke wa gida. Wanda Allah ya hore wa hali, ya kuma yi niyyar fita daga wannan na ɗan lokaci, akwai ƙananan garuruwa a gaɓar tekun Afirka ta Yamma da suka dace da bukatarsa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Ada Foah, a kudu maso gabashin Ghana.

Garin yana da nisan kimanin kilomita 100 gabas da Accra, a daidai wurin da kogin Volta ya ƙare tafiyarsa ya zuba cikin tekun Atlantika. Mutanen wurin Dangme ne, 'yan'uwan Ga na Accra, kuma sana'arsu su da noma da haƙar gishiri. Wanda ya sauka a Accra zai kama hanyar da ta bi ta Tema zuwa iyakar Togo, ya sauka a mararrabar Kasseh, daga nan ya yi kudu ta Big Ada har kwalta ta kai shi bakin ruwa. Wanda ya biyo ƙasa daga Legas kuwa, ta Seme da Kwatano da Lome, zai shiga Ghana ta Aflao, ya haye gadar Sogakope, sannan ya iso Kasseh ɗin. Ɗan Nijeriya ba ya bukatar biza, amma fasfo da katin rigakafin shawara dole ne. A tuna kuma a mayar da agogo baya da awa ɗaya.

Abin da ya bambanta Ada da sauran garuruwan gaɓa shi ne ruwa biyu ne suka saka ta a tsakiya. A gabashin garin kogi ne mai faɗi, kwance lumui, da tsibirai da kwale-kwale da bishiyoyin kwakwa. A kudu kuma teku ne mai tumbatsa, wanda rurinsa ba ya tsayawa dare da rana. Can wajen ƙauyen Azizanya ƙasar ta tsuke ta zama siririn tudun rairayi, har mutum yana iya tsayawa ya ga kogi a hannu ɗaya, teku a ɗaya hannun. Masaukan baƙi sun kasu daidai da haka. A bakin kogi akwai manyan otal-otal da gidajen hutun masu kuɗin Accra. Kusa da bakin mashigar kogin cikin teku kuma akwai bukkoki na ganyen kwakwa, inda ƙasan ɗakin rairayi ne, wuta ba kullum ba, kuma sai da kwale-kwale ake isa cikin sauƙi. A ganina wanda ya zo neman shiru ya fi cin riba a na biyun, muddin zai iya haƙuri da wankan bokiti.

Sai dai shirun Ada yana da tarihi, kuma tarihin ya taɓa mu. Garin da ake zuwa yau don babu hayaniya, a da tashar ciniki ce mai cika da batsewa. Turawan Denmark sun gina ganuwarsu a nan a 1783, suka kira ta Kongensten, a zamanin da ake cinikin bayi a wannan gaɓa. A 1850 suka sayar wa Ingila duk abin da suka mallaka a yankin. Daga baya kamfanonin Turawa suka kakkafa rumbunan ajiya suna sayen manja da sauran amfanin da ke gangarowa ta kogi. Amma babbar dukiyar Ada ita ce gishirin tafkin Songor, wanda ke yamma da garin. Ruwan teku ne ke shiga tafkin, rana ta ƙafar da shi, gishiri ya daskare a kwashe. A da ana loda shi a jiragen ruwa a hau da shi Volta zuwa Kete-Krachi da Yeji, daga nan ya shiga kasuwar Salaga. Salaga kuwa a lokacin ita ce zangon fataken Gwanja, waɗanda ke tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna da kanwa da tufafi, su koma da goro. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 Hausawa da yawa sun koma Kete-Krachi, cikinsu har da shahararren malami Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu a can a 1934. Wato gishirin da baƙo zai gani an tsibe fari fat a bakin Songor, irinsa ne kakanninmu suka yi ciniki a kai.

Abin da ya kwantar da kasuwar Ada shi ne hanya ta sauya. Aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928, ta Tema a 1962, motoci da jirgin ƙasa suka karɓe kayan da kogi ke ɗauka. Sannan a 1965 aka kammala madatsar ruwa ta Akosombo, wadda ta datse Volta ta haifar da tafki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,500, tsohon garin Kete-Krachi ma yana ƙarƙashinsa. Madatsar ta ba Ghana lantarki, amma ta tare yashi da laka da kogi ke kawowa gaɓa kowace damina. Da abin da ke cike gurbi ya ragu, sai teku ya ƙara ƙaimi wajen cin ƙasa. Ganuwar Kongensten kusan duk ta tafi cikin ruwa, ƙauyuka irin su Totope sun yi asarar gidaje, kuma jerin manyan duwatsun da baƙo zai gani an shimfiɗa daga gaɓa zuwa cikin teku aikin gwamnati ne na tare zaizaya. Gishirin ma bai rabu da rigima ba, domin tun da aka ba wani kamfani hayar tafkin a 2020 ake ta taƙaddama tsakaninsa da masu haƙar gargajiya. Baƙo ba ruwansa da shiga maganar, amma sanin ta zai hana shi ɗaukar mutanen gari kamar adon hoto.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace muhimmanci ga wanda ya taso nesa da teku. Wanda ya iya iyo a Tiga ko a kogin Kwara kada ya ɗauka ya iya teku. Gaɓar Ada tana da gangara, igiyar ruwa tana faɗowa da nauyi, kuma idan za ta koma takan janye rairayin da ke ƙarƙashin ƙafar mutum. Akwai kuma wani abu da ido bai cika gani ba. Ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa dole ya sami hanyar komawa, sai ya tattaru ya bi wani siririn lungu da gudu zuwa cikin teku. Abin mamaki, wannan lungun shi ne yakan fi kama da wuri mai lafiya, don igiya ba ta fashewa a kansa. Wanda ya faɗa ciki, kuskuren da ke kashewa shi ne ya yi ta kokawa yana neman komawa gaɓa kai tsaye har ƙarfinsa ya ƙare. Abin da masana ke cewa shi ne ya natsu, ya bar ruwan ya ɗauke shi yana shawagi, ya ɗaga hannu a gan shi, ko ya yi iyo a gicciye har ya fita daga lungun. An ce iya ruwa fid da kai, amma a nan fid da kan shi ne kada a wuce gwiwa. Yara kuwa a riƙe hannunsu ko da a bakin kumfa ne. Bakin mashigar, inda kogi da teku ke karo, ya fi ko'ina haɗari, masuntan da aka haifa a wurin ma suna shakkarsa.

Teku kuma yana cika ya janye sau biyu a kwana guda, saboda jan da wata ke yi masa. Inda ka shimfiɗa tabarma da hantsi a busasshiyar ƙasa, da la'asar kana iya tarar da ruwa ya mamaye shi. Kogin ya fi sauƙi, amma shi ma yana da nasa. Akwai tsargiya a ruwan Volta, musamman wuraren da ba ya gudu kuma ciyawa ta yi yawa, don a nan ne dodon-koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar yake zama. Kusa da teku, inda ruwan gishiri ke shigowa, haɗarin ya ragu, shi ya sa ma hukumar kula da kogin ta riƙa yashe bakin mashigar. Duk da haka a tambayi masu masauki inda ake wanka. Duk wanda zai shiga kwale-kwale ya nemi rigar kariya kafin a tashi, kada ya ji kunyar tambaya. Sauro ma yana nan, gidan sauro ba abin mantawa ba ne.

To me mutum zai yi a can? Shawarata ita ce kada ya yi jadawali. Yawancinmu mun saba auna tafiya da yawan wuraren da aka je da hotunan da aka tura gida, sai mutum ya dawo hutu ya fi yadda ya tafi gajiya. Ada ba ta da abubuwan kallo masu yawa, kuma wannan ne amfaninta. Da sassafe ana iya zuwa a ga masunta suna jan taru daga gaɓa, maza a jere a kan igiya suna waƙa, mata na jira da kwanoni. Aikin yakan ɗauki sa'o'i, kuma wanda ya sa hannu ba a kore shi. Ranar Talata dai ba a shiga teku a yawancin gaɓar Ghana, al'ada ce tsohuwa. Yawo ɗaya a kogi cikin kwale-kwale ya isa: a ga tsibirai, da masu nutso suna ɗebo kifin kwanso daga ƙasan ruwa, da itatuwan da ke tsirowa a ruwa mai gishiri-gishiri saiwoyinsu a waje. A yi ciniki da mai jirgi tun a tudu. Masu jagora suna son kai baƙi inda ake dafa barasar rake a wani tsibiri. Wanda ba ya so ya faɗa tun farko, ba wanda zai ji haushi.

Abu guda da ya cancanci a hana ido barci dominsa shi ne kunkurun teku. Daga wajen Oktoba zuwa Maris matan sukan fito da dare su haƙa rami a rairayi su zuba ƙwai su rufe, su koma ruwa. Akwai irin da bayansa fata ne maimakon ƙwarya, wanda nauyinsa kan kai ɗaruruwan kilo. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su ƙyanƙyashe su nufi teku da kansu. Jami'an kula da namun daji suna da ofis a garin, su ne ke raka baƙi, kuma ƙa'idarsu ita ce ba a haska tocila ko fitilar waya, don haske yana rikita uwar ya kuma ɓatar da 'ya'yan. Ba kowane dare ake dacewa ba. Yankin Songor dai yana cikin dausayoyin da duniya ta amince a kare tun 1992, hukumar UNESCO kuma ta ƙara masa matsayi a 2011, saboda kunkurun da kuma tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai su yi hunturu a nan.

Abinci ba zai ba Musulmi wahala ba idan ya tsaya a kifi. Gasasshiyar karfasa da banku da yaji ita ce sarauniyar wurin, ga dokunu da soyayyen kifi, ga ƙaguwa ga mai ci, ga ruwan kwakwa da ake sarewa a gabanka. Ƙasar Ada ta yi suna da kankana da tumatir, za a gan su jibge a bakin hanya a Kasseh. Da safe kuma koko da ƙosai ba su da wuyar samu a Ghana, kuma sau da yawa mai sayarwar za ta amsa gaisuwa da Hausa. Yawancin mutanen garin Kirista ne, masallatai ba su da yawa kamar a zangunan Accra, don haka a tafi da darduma. Alƙibla tana gabas ne a karkace zuwa arewa, mai salla zai bar teku a damansa. Game da sutura, baƙi daga Turai da birni sukan yi shigar da idonmu bai saba da ita ba, musamman a bakin manyan otal-otal. Mai iyali da abin zai dame shi ya zaɓi masauki a gefe, rairayin yana da tsawo.

Kada kuma a zo da tsammanin gaɓa tsaf kamar ta hoton kalanda. Teku yana amayo ledoji da robobi, wasu daga kogi, wasu daga Accra da Tema, kuma inda masu masauki ba sa shara abin ba daɗin gani.

Lokacin zuwa yana da tasiri a kan shirun da aka zo nema. Damina babba a kudancin Ghana tana kamawa daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama kuma wajen Satumba zuwa Nuwamba, ko da yake wannan yanki bai kai yammacin ƙasar ruwan sama ba. Nuwamba zuwa Maris ya fi dacewa, ga rana ga kunkuru. Asabar da Lahadi mutanen Accra sukan cika bakin kogi da kiɗa da jiragen gudu, haka ma Kirsimeti da Ista, don haka mai son kwanciyar hankali ya iso Litinin ya bar gari Juma'a. Makon farko na Agusta kuwa lokacin bikin Asafotufiami ne, da ake tunawa da yaƙe-yaƙen kakannin Ada: 'yan gari na nesa su dawo, a ɗauko sarakuna a kan karaga, a yi ta harba bindigogin toka. Biki ne mai kyan kallo, amma ɗakuna sukan ƙare da wuri, kuɗinsu ya hau, kuma barci sai dai bayan an watse.