Ko Ka Sani? Doguwar Bindiga Mai Cin Harsashin Fistol

A filayen gasar harbi na Amurka akwai wata bindiga da ke rikita baƙo. Ga ta doguwa, ana kafa gindinta a kafaɗa kamar ta soja, amma da an zare gidan harsashinta sai a tarar 'yan gajerun harsasan fistol ne a ciki. Galibi mai milimita 9 ne, wanda Georg Luger ya ƙera tun farkon shekarun 1900. Masu wasan suna kiranta da haruffa uku, PCC.

Dabarar tsohuwa ce. A 1873 kamfanin Winchester ya fito da doguwar bindiga mai cin harsashin da ake kira .44-40, kuma bayan 'yan shekaru kaɗan Colt ya fara ƙera libarba mai cin wannan harsashin. Ga kaboyin da ke kora shanu a yammacin Amurka, inda kanti ke da nisan kwanaki a kan doki, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ɗamarar harsashi ɗaya ta wadatar da bindigar ƙugu da ta jikin sirdi.

Abin da ya farfaɗo da ita a wannan zamani wasa ne. A 2016 ƙungiyar USPSA, mai shirya gasar harbin sauri a Amurka, ta buɗe mata rukuni na kanta, masu ƙira kuwa suka yi caa a kai. Harsashin milimita 9 ya fi na manyan bindigogi araha, ƙararsa ba ta kai tasu ba, kuma filayen harbi na cikin gini da dama da ke hana babbar bindiga suna karɓar wannan. A dokokin ƙungiyar IPSC ta duniya, mai fistol na iya harbin farantin ƙarfe daga mita 7, mai babbar bindiga kuwa sai ya ja baya zuwa mita 50. Sannan fistol hannu biyu kawai ke riƙe shi, ita kuwa wannan tana da madogara huɗu: hannaye biyu, kafaɗa da kunci. Shi ya sa sabon shiga, ko dattijon da hannunsa ya fara rawa, kan sami abin da ya saita tun ranar farko.

A gasar Steel Challenge, wadda aka fara a Kalifoniya a 1981, ake ganin abin da take iyawa. Faranti biyar na ƙarfe ne aka shafa wa farin fenti aka jera. Maharbi na tsaye, toshe a kunne, tabarau a ido, bakin bindigar na kallon wata alama a ƙasa. Alƙali na bayansa da ɗan agogon da ke jin ƙarar harbi. Agogon na yin ƙara, sai a ji ƙarafan suna amsawa ɗaya bayan ɗaya, tin, tin, tin. Gwanaye kan gama duka biyar ɗin kafin daƙiƙa biyu su cika.

To a nan ne abin mamakin yake, kuma a nan ne mai shirin saye ya kamata ya fi daɗewa yana tunani. Kowa zai ɗauka bindiga mai ƙaramin harsashi ba za ta motsa a kafaɗa ba. Amma da yawa daga cikinsu sun fi zabura fiye da bindigar AR-15 mai harsashin 5.56, duk da cewa wancan harsashin ya ninka wannan gudu. Laifin na wani dunƙulen ƙarfe ne da ke cikin cikinta, wanda ke toshe bayan bututu kamar sakata. A mafi sauƙin ƙira, babu abin da ke kulle wannan sakata. Nauyinta da ƙarfin sifirin ne kawai ke danne ta har harsashi ya fice, sannan ta ja baya ta tofar da kwanso ta ɗauko sabo. Don ta iya wannan aikin dole a yi ta da nauyi, sau da yawa fiye da rabin kilo idan aka haɗa da abin da ke bayanta. Kowane harbi, wannan nauyin zai daki baya, ya dawo ya daki gaba. Maharbin da ke leƙa madubin saiti zai ga jan ɗigon ya yi tsalle sama, ya nutse ƙasa, kafin ya zauna. A wasan da ake raba maki da lokaci, wannan ɗan jinkirin shi ke raba na ɗaya da na goma.

Masu ƙira sun bi hanyoyi daban-daban. CZ Scorpion ta ƙasar Cek ta tsaya a kan sauƙaƙƙiyar ƙirar, ba ta da kayan ciki da yawa, ba ta da wuyar wanki. Kamfanin Ruger, a bindigarsa PC Carbine da ta fito a ƙarshen 2017, ya saka ɗan ƙarfen tungsten mai nauyi a cikin sakatar don ya rage dukan da take yi. SIG MPX kuwa tana kulle sakatarta ne, sai hayaƙin albarushi ya tura wani ɗan fistin ya buɗe ta, don haka ba ta buƙatar wannan nauyin. Akwai kuma tsohuwar hikimar Jamusawa ta MP5, tun shekarun 1960: wasu 'yan ƙarafa biyu masu mirginawa suna cije gefen bututu, su jinkirta buɗewar na ƙiftawar ido. Kamfanin JP na Amurka ya ɗauko wannan ya saka a bindigar gasarsa JP-5. MPX da JP-5 sun fi laushi a kafaɗa, sun kuma fi tsada nesa ba kusa ba. Wanda harbin nishaɗi na ƙarshen mako kawai yake so bai kamata ya zuba kuɗinsa a nan ba, mai sauƙin ƙirar ta ishe shi.

Abu na biyu da mai saye zai duba shi ne gidan harsashi, kuma nan tunanin kaboyin nan ya dawo. Gidan harsashin fistol ɗin Glock ya zama kamar kuɗin da kowace kasuwa ke karɓa, ga shi da araha, akwai mai ɗaukar 33. Ruger na haɗa wa mai saye wani mazubi da za a sauya don bindigar ta karɓi na Glock. Kel-Tec SUB-2000, wadda ake naɗewa biyu ta shiga jaka, ita ma akwai mai cin sa. Masu Scorpion da MPX kuwa sai nasu na gida. Wanda ya sayi bindiga bai duba kuɗin gidan harsashi biyar ko shida ba, bai gama lissafi ba.

Tsawon bututun kuma doka ce ta yanke shi. A ƙarƙashin dokar makamai ta 1934, kamar yadda aka gyara ta daga baya, irin wannan bindigar kafaɗa idan bututunta bai kai inci 16 ba tana buƙatar rajista ta musamman a Amurka. Harsashin fistol ba ya buƙatar wannan tsawon, albarushinsa kan ƙone da wuri, ƙarin gudun da yake samu kaɗan ne. Saboda haka wasu 'yan gasa ke amfani da gajeren bututu da aka liƙa wa hannun riga na ƙarfe marar nauyi, na dindindin, don tsawon ya cika ba tare da gaban bindigar ya yi nauyi ba.

Masu neman laushi kan rage albarushi, amma hakan ma yana da iyaka. A manyan gasanni alƙali kan karɓi harsashi takwas daga hannun maharbi, ya zare kan ɗaya ya ɗora a sikeli, ya harba uku ta cikin na'urar auna gudu. Ana ninka nauyin da gudun a raba da 1,000. Harsashi mai nauyin giren 124, wato kusan giram 8, da ke tafiyar ƙafa 1,100 a daƙiƙa, yana ba da 136. Mafi ƙarancin abin da ake karɓa shi ne 125. Wanda nasa ya gaza haka zai iya ci gaba da harbi har a tashi, amma ba za a rubuta masa maki ko ɗaya ba.