Matashi, Mota Mai Kwaskwarima da Kuɗin Inshora a Birtaniya

Yau shirin namu zai leƙa Birtaniya, inda 'ya'yanmu da ƙannenmu ke karatu ko neman na kansu a Landan, Manchesta da sauran birane.

A Najeriya, tun watan Janairun 2023, mai motar hawa naira 15,000 yake biya ya sami inshorar da doka ta wajabta, ko yaro ne ko dattijo. A Birtaniya kuwa sai kamfani ya tambayi shekarunka, da sana'arka, da unguwar da motar ke kwana, kafin ya yanka maka kuɗi. Wanda bai kai shekara 25 ba shi ya fi jin jiki, domin sababbin direbobi sun fi yawan haɗari. Akan sami yaron da kuɗin inshorarsa na shekara guda ya zarce abin da ya sayi motar.

To ina ga wanda ya yi wa motar kwaskwarima? Ya sauya salansa don ta riƙa ruri, ya saukar da ita ƙasa-ƙasa, ya sa manyan wili, ko ya kai an taɓa kwamfutar inji don ƙarin gudu. Duk wannan, har baƙin gilashi, dole a sanar da kamfani. A nan ne samari ke faɗawa rami, su yi shiru don kuɗin ya sauka. Wata dokar Birtaniya ta 2012 ta ba kamfani dama, idan ya gano an ɓoye masa gaskiya da gangan, ya soke inshorar, ya ƙi biyan diyya, ya kuma riƙe abin da aka riga aka biya. Ranar haɗari ake ganowa, lokacin da mai binciken kamfani ya buɗe bonet.

Akwai wata dabara da iyaye ke shiga cikin tausayi: uba ya rubuta shi ne babban direba, alhali ɗansa ne ke tuƙa motar kullum. Zamba ce a idon hukuma. Abin da ya halatta shi ne ɗan ya tsaya da sunansa, ya ƙara mahaifinsa a matsayin mai tuƙawa lokaci-lokaci, kuma sau da yawa hakan na rage kuɗi.

Sauƙi na gaskiya daga zaɓen mota yake farawa. Galibin motoci a can an kasa su rukunin inshora 1 zuwa 50, kuma ƙaramar mota mai ƙaramin inji ita ce a ƙasan jerin. Sai 'yar na'urar da kamfani ke maƙalawa a mota tana lura da gudunka, da yadda kake taka birki, da tuƙin dare; mai natsuwa na samun rangwame. Biyan shekara gaba ɗaya ya fi biyan wata-wata, wanda galibi ake ɗora wa ruwa. Akwai kuma dillalan da suka ƙware kan motoci masu kwaskwarima, a buga musu waya a gaya musu komai dalla-dalla kafin a kai motar gareji.

Wanda aka kama yana tuƙi ba inshora, tarar fam 300 ce da maki 6 a lasisi, kuma 'yan sanda na iya ƙwace motar. Sabon direban da ya tara maki 6 cikin shekara biyu da cin jarrabawar tuƙi, soke lasisin nasa ake yi, ya koma ya sake jarrabawa daga farko.